Yadda Ake Sabunta Fuskar Daɓen Kankare a Lokacin Kaka da Abin da Yanayi Ke Yi wa Aikin

A ƙasashen da shekara ta kasu gida huɗu, kaka ita ce watannin da ke tsakanin ƙarshen zafi da shigowar hunturu, wato daga Satumba zuwa Nuwamba a arewacin duniya, daga Maris zuwa Mayu kuma a kudancinta. A wannan lokaci ne mutane da yawa ke duba daɓen farfajiya, ko hanyar shigar mota, ko matakala, su ga fuskarsa ta zaizaye har tsakuwa ta fara leƙowa, sai su yanke shawarar gyarawa kafin sanyi ya sauko. Shawarar tana kan hanya, domin ruwan da ya shige ƙananan ramukan tsohon kankare, idan ya daskare, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya ture abin da ke kewaye da shi har ya ɓamɓare. Daɓen da ya shiga hunturu da rauni zai fito da raunin da ya fi wanda ya shiga da shi. Sai dai kaka tana da yaudara: da rana tsaka iska takan yi daɗi har mai aiki ya cire rigar sanyi, alhali abubuwa biyu da ke yanke wa aikin hukunci, wato sanyin tsohon daɓen kansa da kuma daren farko bayan an gama, ba a jin su a jiki a wannan sa'a.

Abin da ake nufi da sabunta fuska shi ne a shimfiɗa siririn kwaɓi a kan tsohon daɓe ba tare da an fasa shi ba. Kwaɓin yana zuwa a buhu, an riga an haɗa siminti da lallausan yashi da sinadarin folima, wanda ke aiki kamar danƙo don sabo ya manne da tsoho, kuma kaurinsa yakan kama daga kusan milimita 2 zuwa 13. Wannan siranta ita ce tushen duk wata matsala da yanayi ke kawowa. Siminti ba bushewa yake yi ya taurare ba, haɗuwa yake yi da ruwa ta hanyar sinadari, kuma haɗuwar tana fitar da ɗumi. Kankare mai kauri, kamar na ginshiƙi ko harsashi, yakan riƙe wannan ɗumi a cikinsa ya taimaki kansa a daren sanyi. Shimfiɗar da ba ta wuce kaurin kwali ba kuwa, ba ta da inda za ta ajiye ɗumi. Cikin 'yan mintuna zafinta zai koma daidai da na tsohon daɓen da ke ƙarƙashinta. Idan daɓen yana da sanyi, ita ma ta yi sanyi ke nan, ko da rana tana haskawa.

Sanyi kuwa yana rage saurin kamawar siminti ƙwarai. Kankare na yau da kullum da ke kamawa cikin kimanin awa 6 a digiri 21 na ma'aunin Salshiyas, yakan ɗauki kusan awa 11 a digiri 10, da kusan awa 14 a digiri 4, kuma idan aka kusanci sifili aikin sinadarin yakan kusan tsayawa cak. Cibiyar kankare ta Amurka da aka sani da ACI, a cikin jagoranta mai lamba 306, tana ɗaukar cewa an shiga yanayin sanyi da zarar zafin iska ya sauka ƙasa da digiri 4, ko ana sa ran zai sauka, a lokacin da sabon kankare ke buƙatar kariya. Ta kuma ce kada a bar shi ya daskare kafin ƙarfinsa ya kai megafaskal 3.5, wato ma'aunin yawan matsin da kankare ke iya jurewa, domin kafin nan akwai ruwa da yawa a cikinsa wanda siminti bai sha ba. Kankaren da ya daskare yana ɗanye yana iya rasa kusan rabin ƙarfin da ya kamata ya samu, kuma ɗumin washegari ba zai mayar masa da shi ba. Kamfanoni da dama da ke yin garin sabunta fuska sun fi haka tsanantawa: sukan rubuta a jikin buhu cewa zafi ya kasance sama da digiri 10 na akalla awa 8 bayan shimfiɗawa, kuma kada ya daskare cikin awa 24. Abin da ke jikin buhun da ka saya shi ne abin bi, ko da ya saɓa wa adadin da na kawo.

Saboda haka aikin yana farawa ne daga hasashen yanayi, kwana uku ko huɗu kafin a buɗe buhu. Adadin da za ka nema shi ne mafi ƙarancin zafi na dare, sannan yiwuwar ruwan sama, sannan ƙarfin iska. A nan akwai abin lura da mutane ke yawan mantawa da shi. Ana auna zafin da ake sanarwa ne a tsayin da ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, alhali a daren da sama ta washe, babu gajimare kuma babu iska, fuskar ƙasa takan saki ɗuminta zuwa sama ta yi sanyi fiye da iskar da ke bisanta. Shi ya sa ake wayar gari a ga farin ƙanƙara a kan ciyawa bayan an ce dare zai tsaya a digiri 3 ko 4. Daren da taurari suka fito tar ya fi daren hadari haɗari ga sabon daɓe. Ni dai idan hasashe ya nuna dare zai sauka ƙasa da digiri 5, ko dai in tanadi bargunan rufi tun kafin in fara, ko kuma in ɗage aikin.

Sai kuma auna daɓen kansa. Ƙaramin ma'aunin zafi irin wanda ake nunawa daga nesa ya isa, kuma kada a tsaya a wuri ɗaya: a auna tsakiyar da rana ke duka, a auna gindin bango da ke cikin inuwa, a auna ƙarƙashin bishiya. A kaka rana takan yi ƙasa-ƙasa, inuwar gini ta yi tsawo, har a sami ɓangaren da hasken rana ba ya taɓawa duk yini. Na taɓa auna wani daɓe da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tsakiyarsa yana da ɗumin da ya isa aiki, amma wani zirin da bai wuce faɗin taku biyu ba a gindin bango yana nan da sanyin dare, har raɓa ba ta bushe a kansa ba. Kwaɓi ɗaya aka zuba, amma tsakiyar ta kama tun da la'asar, zirin nan kuwa har magariba yatsa yana nutsewa a cikinsa, kuma da ya bushe launinsa ya fi na sauran duhu. Tun daga nan, wurin da ya fi sanyi nake aunawa in yi lissafi da shi.

Kafin a kai ga kwaɓi, dole a tabbatar daɓen ya cancanci a sabunta shi. A bi shi da guduma ana ƙwanƙwasawa, ko a ja sarƙar ƙarfe a kansa. Inda yake da lafiya zai ba da ƙara mai kaifi, inda fuskar ta rabu da cikin kuwa zai yi amo irin na ganga, kuma duk irin wannan wuri sai an sare shi da cizal har a kai ga kankare mai ƙarfi. Tsagar da gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko wadda ke buɗewa tana rufewa, alama ce cewa ƙasar da ke ƙarƙashi tana motsi, kuma sabuwar fuska za ta tsage a daidai wurin nan ba da jimawa ba. Irin wannan daɓe fasawa yake buƙata a sake zubawa.

Idan ya cancanta, sai wanki, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake. A ɗiga ruwa a wurare daban-daban a duba: inda ruwan ya shige ya baƙanta wurin, kwaɓi zai kama, inda ya tsaya dunƙule-dunƙule kamar a kan leda, akwai mai ko fenti ko tsohon man rufi, wato man da ake shafa wa daɓe don hana ruwa shiga, sai an gurje shi da injin gurza ko an wanke da maganin cire maiƙo. Daga nan a bi ko'ina da injin wanki mai fesa ruwa da ƙarfi, irin mai kaiwa kimanin 3,500 a ma'aunin matsin ruwa da ake kira psi, har sai babu ɓarɓashi ko ƙura. Kaka tana ƙara nata dattin: gansakuka a wuraren inuwa, da jiƙaƙƙen ganye da ya manne ya bar tabo mai ruwan ƙasa. Manyan ramuka a cike su da kwaɓi mai kauri kwana ɗaya kafin babban aikin, domin a sanyi ba za su kama cikin awa biyu ko uku ba kamar yadda suke yi a lokacin zafi. Gaɓoɓin da aka yanka da gangan a tsohon daɓe don ba shi damar motsi, a cusa musu siririn soso ko igiyar roba kada kwaɓi ya cike su. Wanda zai gurza ya sa takunkumi saboda ƙurar kankare tana cutar da huhu, wanda zai kwaɓa kuma ya sa safar hannu da tabarau, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

Ana shimfiɗa kwaɓin ne a kan daɓe mai danshi wanda ya sha ruwa ya ƙoshi, amma babu ruwa kwance a kansa. Busasshen daɓe zai tsotse ruwan kwaɓin kafin siminti ya yi amfani da shi, ruwan da ke kwance kuma zai tsinka kwaɓin daga ƙasa ya hana shi mannewa. A lokacin zafi matsalar farko ce ke damun mutane. A kaka ta biyun ce, domin ruwan da aka fesa ba ya saurin bushewa, ga raɓar safiya ta ƙaru a kai. A kore shi da tsintsiya ko abin jan ruwa na roba, a bi ƙananan kwaruruka da soso, sannan a ɗora tafin hannu: idan ya taso da sanyin danshi amma babu ruwa a jikinsa, an kai inda ake so. Idan kuwa daɓen ya kwana a daskare, ba a zuba masa komai sai ya narke har ciki kuma ma'auni ya nuna ya haura digiri 10.

Lokacin farawa lissafinsa daga baya ake yi. A duba sa'ar da zafi zai sauka ƙasa da digiri 10 da yamma, a cire awa 8, abin da ya rage shi ne lokacin da ya kamata a ce an gama ɓangaren ƙarshe. A ƙarshen kaka, da rana ke faɗuwa da wuri, wannan yakan bar 'yan awanni kaɗan tsakanin hantsi da azahar. Akwai masu ba da shawarar a yi irin wannan shimfiɗa da yamma, lokacin da daɓe ke hucewa, saboda idan yana ɗumama iskar da ke cikin ramukansa takan kumbura ta huda sabon kwaɓi ta bar ƙananan ƙofofi kamar na allura. Maganarsu gaskiya ce, kuma a lokacin zafi ita ce abin bi. A kaka dai na fi yarda da 'yan ƙofofin allura fiye da daɓen da dare ya riska yana ɗanye, balle ma jiƙa daɓen sosai tun da farko yana rage su.

Buhunan su kwana a cikin ɗaki, kada a bar su a waje ko a bayan mota. A yi kwaɓin da ruwa mai ɗan ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki, ba tafasasshe ba, domin ruwa mai tsananin zafi yakan sa siminti ya kama farat ɗaya ya dunƙule. A auna ruwan daidai da abin da buhu ya ce, a fara zuba shi a bokiti, sannan a riƙa zuba garin a hankali ana burgawa da injin huda da aka ɗaura wa maburgi, har kwaɓin ya yi laushi babu gudaji. Kada a ƙara ruwa don ya yi sauƙin ja. Ruwan da ya wuce kima yana raunana fuska, kuma a sanyi shi ne zai daɗe a ciki yana jiran dare ya daskarar da shi. Kada kuma a zuba wani sinadarin hanzarta kamawa da kamfanin bai ambata ba. Sinadarin kalsiyam kulorayid, wanda aka fi sani, yana hanzarta kamawa amma ba ya hana daskarewa, yana sa rodi tsatsa, yana kuma iya ɓata launi.

Kwaɓin yakan ba da minti 20 zuwa 30 na aiki a matsakaicin yanayi, sanyi kuma yana ƙara wannan lokaci, wanda shi ne babban alherin kaka ga mai aiki. Duk da haka mutum biyu ake buƙata, ɗaya yana kwaɓawa ɗaya yana shimfiɗawa, kuma a yi aiki daga gaɓa zuwa gaɓa don kada a tsaya a tsakiyar fili. A zuba, a danna kwaɓin da abin jan ruwa mai doguwar ƙota ana gogawa gaba da baya don ya shige ramukan tsohon daɓe, sannan a daidaita kaurinsa. Jan tsintsiya a kai, wanda ke hana santsi, shi ne inda sanyi ke rikita wanda ya saba da aikin zafi. Idan aka ja da wuri layukan za su narke su koma, idan aka makara za a yage fuskar. Agogo ba zai taimaka ba, sai dai a gwada a ɗan gefe: idan layin ya tsaya da kaifinsa kuma ƙyallin ruwa ya dushe, lokaci ya yi. A ja ta fuska ɗaya, a gicciye da hanyar da ake tafiya.

Iska ita ce abin da aka fi raina wa a wannan lokaci, saboda mutane suna danganta tsagewa da zafin rana kaɗai. Busasshiyar iska mai ƙarfi tana kwashe ruwa daga fuskar kwaɓi ko da gari da sanyi, kuma masana kankare suna ɗaukar cewa idan ƙafewar ta kusanci kilogiram 1 a kowace murabba'in mita cikin awa guda, dole a ɗauki mataki. Abin da ya sa kaka ta fi muni shi ne sanyi ya jinkirta kamawa, don haka kwaɓin yakan daɗe yana da taushi a gaban iskar, sama ta bushe ta takure alhali ƙasa ba ta kama ba, sai a ga ƙananan tsagogi sun bazu. Maganinsa a kafa shinge na tamfol ta ɓangaren da iska ke fitowa, a kuma riƙa fesa ruwa sama-sama kamar hazo a bisa wurin, ba a kan kwaɓin kai tsaye ba. Iskar nan kuma ita ke kawo ganye. Ganye ɗaya da ya sauka a kan ɗanyen kwaɓi zai bar hotonsa har da jijiyoyinsa, kuma idan ya kwana a jiƙe zai bar tabo. A share ganyen da ke kewaye tun kafin a fara, idan akwai bishiya a kusa a ɗaura raga a sama, wanda ya faɗo kuma a ɗauke shi da tsinke, kada a bi shi da yatsa.

Ruwan sama a awannin farko yana wanke siminti daga fuska ya bar yashi tsirara. Tamfol da sandunan da za su ɗaga shi su kasance a kusa tun kafin a fara, a kafa shi kamar tanti yadda ba zai taɓa kwaɓin ba, domin leda da ta kwanta a kan ɗanyen siminti takan bar dabbare-dabbaren da ba sa gogewa. A duba indararo ma, a karkatar da shi, saboda ruwan rufin gida da ke zuba wuri ɗaya ya fi yayyafi ɓarna. Idan ruwa ya riga ya sauka, kada a bi shi da cokalin gini a cusa shi ciki, kada kuma a barbaɗa busasshen siminti don ya tsotse. Duka biyun suna haifar da fuska mai gari wadda za ta ɓamɓare. A rufe, a jira washegari, a karce da ƙusa. Inda ya yi gari a gurje shi a sake shimfiɗa siriri.

Da yamma, idan fuskar ta kama yadda yatsa ba ya barin alama, a rufe ta da bargunan rufin kankare, a danne bakinsu kada iska ta shiga. Gefuna da kusurwoyi da bakin matakala su ne ke fara daskarewa, saboda sanyi yana shigarsu ta fuska biyu ko uku, don haka a ninka musu rufi kuma bargon ya zarce bakin daɓen. Wanda zai kunna na'urar ɗumama wuri mai ƙona mai ko gas a cikin tanti ya tabbatar hayaƙinta yana fita waje. Iskar kabon da take fitarwa tana haɗuwa da ɗanyen siminti ta mayar da fuskarsa gari, ban da haɗarin da ke ciki ga mai numfashi a wurin. Rufin ya kwana biyu ko uku idan dare yana sanyi, kuma a yaye shi da hantsi bayan gari ya ɗumama, don kada daɓe mai ɗumi ya haɗu da sanyin asuba kwatsam. Alamar daskarewa, idan ta faru, ba ta ɓoyuwa: za a ga zane-zane sirara kamar sawun allurai ko gashin tsuntsu a fuskar, kuma ƙusa za ta shige ta cikin sauƙi.

Game da ba shi ruwa bayan ya kama, kwaɓi mai folima ya bambanta da kankare na yau da kullum, kuma a yanayi mai sanyi da danshi da yawansu ba sa buƙatar a jiƙa su. A bi abin da buhu ya ce, amma kada a taɓa jiƙa daɓe da yamma alhali ana sa ran daskarewa da dare. Lokacin da aka rubuta na fara takawa, wanda sau da yawa awa 6 ne ga ƙafa da awa 24 ga mota, an ƙiyasta shi ne a kan zafin da ya kai digiri 21 zuwa 23. A digiri 10 a ninka shi, mota kuma ta ƙara haƙuri fiye da haka.

Man rufi da ake shafawa a ƙarshe yana da nasa sharaɗin. Yana son busasshen daɓe, kuma zafin fuskar ya ɗara ma'aunin saukar raɓa, wato zafin da raɓa ke fara sauka a kansa, da akalla digiri 3, in ba haka ba danshin da ido ba ya gani zai kwanta a kai, man ya yi fari kamar madara. Ana gwada bushewa da leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, a manne bakinta da salatif a bar ta awa 16. Idan aka ɗaga aka ga gumi a jikinta ko wurin ya yi duhu, daɓen bai shirya ba. Irin man da ake haɗawa da ruwa ba ya haɗe jikinsa da kyau a ƙasa da digiri 10, saboda haka idan kaka ta yi nisa gara a bar shafawar sai sanyi ya wuce. A hunturun farko kuma kada a zuba gishirin narkar da ƙanƙara a kan sabuwar fuskar, domin yana yawaita narkewa da daskarewa a daidai saman da bai gama ƙarfi ba. A barbaɗa yashi don hana santsi, a kwashe dusar ƙanƙara da shebur na roba maimakon na ƙarfe.